Lalle da Tawadar Zaɓe

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran kwanakin duniya. Lahadin zaɓen ƴan majalisar dokoki ce, ranar da ni, da gemuna da girmana, na ɗauki alkawarin gadin akwatin ƙuri'a a wani ƙauye na karkarar Rumbu. In ka shiga kasuwar Dakoro yau ka tambayi labarin, za ka samu masu ba ka shi kyauta, har da ƙarin gishiri. Gara ka ji shi daga bakina.

Ni dillali ne. Da igiyar akuya na fara, ina jan ta wani a ba ni la'ada, har Allah ya sa na kai ga sayen shanu na kaina ina turawa kudu, na kuma buɗe shagon sukari da shayi da sabulu da yadi a bakin kasuwa. Ban gaji ko tunkiya ba. Jarina ido ne. Na san saniyar da aka ɗura wa kanwa da ruwa da asuba don ta cika ido, na san ragon da aka shafe da mai don gashinsa ya yi sheƙi, na san tsohon san da aka goge wa ƙaho a ce matashi ne. In dabba ta wuce gabana sau ɗaya, ko bayan wata ta dawo a hannun wani, daga takunta zan gane ta. Mutane na faɗin haka a kaina, ni ma (ba zan ɓoye ba) ina yawan faɗi.

Mai irin wannan sana'a ba ya yarda da abin da aka rufe. Mu a kara, wato kasuwar dabbobi, in za mu naɗa shugaban dillalai ko mu yanke inda za a kafa sabon turke, ba mu da takarda. Ƙarƙashin bishiya muke taruwa da rana tsaka, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna. Wanda ya ci goronka jiya ya koma layin wani yau, kana ganinsa, shi ma yana ganinka. Zaɓen ƙasa kuwa ba haka ba ne. Takarda ce za ka naɗe ka jefa, a ƙirga, a rubuta, a ɗauki sakamako zuwa Dakoro, daga nan Maraɗi, daga nan Yamai, sai can ka ji rediyo na faɗa maka abin da wai kai ka ce. Hatta lokacin da aka taɓa kiranmu zaɓen raba gardama, aka ce mu talakawa ne da kanmu za mu ce e ko a'a a kan kundin dokar ƙasa, ban samu mutum ɗaya a layinmu na kasuwa da ya karanta kundin ba. Na je na jefa tawa, amma na dawo kamar wanda ya sayi sa a cikin duhu.

Batun kuɗin yaƙin neman zaɓe kuwa, an ce akwai doka, akwai ofishin da jam'iyyu ke kai bayanin abin da suka samu da abin da suka kashe. Wataƙila akwai. Ni dai abin da na gani da idona, kuɗin ba ya zuwa mana a matsayin kuɗi. Daga manyan ƴan kasuwar Maraɗi yake tasowa, kuma kowane mai wayo cikinsu yakan zuba wa ƴan takara biyu ko uku a lokaci guda, kamar manomin da ya haɗa gero da wake a gona ɗaya. Kafin ya iso Dakoro ya rikiɗa: ya zama sukari da ganyen shayi na samarin fada, masu zaman hira a bakin titi, ya zama man mashin na ƴan kabu-kabu, ya zama tukuicin maroƙa, ya zama turamen atamfa. Rabin wannan kaya ta shagona yake bi. Ina sayar wa kowane ɓangare, ban taɓa tambayar kuɗi jam'iyyarsa ba.

Amma zuciyata tana wajen mutum ɗaya, wanda muke kira Alhaji Dogo. Dalilina a fili yake: ya yi alkawarin in ya shiga majalisa zai nemo mana rijiyar burtsatse a kara. Dabbobinmu kan wuni tsaye da ƙishirwa ranar kasuwa, kafin la'asar sun zube, farashi ya zube tare da su. Na ba shi sa aka yanka ranar babban taronsa, na ara masa motata ta ɗaukar kaya. Wannan ita ce siyasata gaba ɗaya.

Ana sauran kwanaki kaɗan zaɓe sai ga Hajiya Mariya a shagona. Ita ce shugabar matan ɗaya ɓangaren, mace mai baki, wadda in ta taya kaya sai ka ji kamar kai ne ka zo roƙo.

"Alhaji, hijabi nike so, dila guda, launi ɗaya. Ruwan ƙasa."

Na ce, "Ba atamfa mai hoton mutuminku ba?"

"Wace ce za ta yi sallah da fuskar ƙato a gadon bayanta? Ku da kunka raba atamfa, je ka ƙauye ka gani, da ita aka goyon yara. Ni abin da tsohuwa za ta sa sau biyar a yini nike rabawa."

Na ji wannan a raina na ce matar nan ta fi mazan jam'iyyarmu kai. Na sa aka fito da dila. Sai ta ƙara da cewa, kamar abin bai dame ta ba, "Sai lalle. Duk wanda ke gare ka, da gishirinsa mai baƙantawa."

"Biki za a yi?"

"Bikin kayar da ku, in Allah ya so."

Ta biya, ta tafi. Ni kuwa na zauna a kan buhun sukari ina jujjuya maganar. Lalle? Ana gobe-jibi zaɓe? Har da gishirin da ke mai da shi baƙi ƙirin? Kowa ya san in ka jefa ƙuri'a ana tsoma maka yatsa cikin tawadar da ba ta fita, don kada ka dawo. To in yatsar ta riga ta yi baƙi da lalle, wa zai bambance? Ga kuma hijabi launi ɗaya, mace ɗari su zama mace ɗaya. Ga katunan zaɓe na waɗanda suka tafi cin rani da na makiyayan da suka yi nisa da dabbobi, waɗanda kullum ake raɗe-raɗin suna kwana a aljihun wasu. Na haɗa wannan da wancan, lissafi ya fita tsaf. Sai na ji wani daɗi ya kama ni, irin wanda nake ji in na ɗaga leɓen sa na ga haƙoran da mai shi ke ɓoyewa. (Ko kaɗan bai zo mini ba cewa mata na son lalle ne kawai, kuma Hajiya Mariya ta tambaye su abin da suke so kafin ta saya.)

Washegari na sami Alhaji Dogo a zaurensa na zayyana masa komai. Ya riƙe baki.

"Kai, Alhaji, Allah ya yi maka ido! To ai kai za ka tsare muna biron zaɓen can na Rumbu. Can Hajiya Mariya ta fi ƙarfi, kuma garin surukanka ne, ba wanda zai yi maka gardama."

A gaban mutane na dafa ƙirji. Na ce tun daga lokacin da za a rufe akwatin nan har a zazzage shi, idona ba zai bar kansa ba. Na ce ko fitsari ba zan fita ba. Na ce in aka jefa takarda ɗaya ta haram a gabana, a daina kirana dillali. Ba wanda ya nemi in yi wannan rantsuwa. Ni na ga dama.

Ranar Lahadi ko shayi ban sha ba, saboda alkawarin da na ɗauka. Ina sa takalmi, mai ɗakina Rabi ta ce, "In ka isa ka fara biyawa ka gaida Inna."

Na ce, "Sai an gama. Yau aiki zai kai ni, ba zumunci ba."

"To, mai aiki. Allah ya tsare."

Biron zaɓen, wato wurin jefa ƙuri'a, aji ne na lakwal, makarantar bokon ƙauyen, an ture bencina gefe, an rataya labule a kusurwa. Shugaban biro wani malamin makaranta ne, Mushe Laminu (haka muke kiran malamin boko a wajenmu), mutum mai sanyin magana. Ina shiga da takardata ta wakilin jam'iyya, wa zan gani zaune a kujerar wakilin ɗaya ɓangaren? Sha'aibu tela, ɗan kawuna, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin in wuce ba tare da ya soke ni ba.

"A'a! Bawana, kai anka turo? Lalle jam'iyyarku ta rasa mutane. Nan ba awaki aka saidawa ba fa."

Na ce, "Na sani. Ɓarayin awaki na zo kamawa."

"To zamna kusa da ubangidanka, in koya maka aiki."

Mushe Laminu ya ɗaga akwatin, irin mai garai-garai ɗin nan da ake ganin ciki, ya nuna wa kowa cewa babu komai. Kowa ya gamsu, ban da ni. Na ce a kifa shi. Aka kifa. Na ce a ba ni in ƙwanƙwasa gindinsa, don na taɓa ganin tiyar awon hatsi mai gindi biyu. Ya ba ni. Na leƙa bayan labule, na ɗaga tabarmar da ke wurin, na duba taga. Da aka ɗaure murfin da igiyoyin roba masu lamba, na ja kowace da hannuna. Mushe ya ce, "Alhaji, in ka gamsu, jama'a na jira a rana." Na ce a fara.

Maza suka fara shigowa. Tsarin ba wuya: ka miƙa kati, a duba hannunka, a nemo sunanka, a ba ka takarda, ka shiga bayan labule, ka fito ka jefa, ka dangwala, a tsoma maka yatsa a tawada. Na ja kujerata har gwiwata na taɓa teburin akwati. Kowa ya jefa, sai na bi hannunsa da ido in tabbatar takarda ɗaya ce. Wani tsoho ya ce mini, "Ɗana, in kana so ka jefa mini mana, ka hutar da ni." Aka yi dariya. Ban yi ba.

Da hantsi ya ɗaga, mata suka gama aikin gida suka fito. Na leƙa ta ƙofa. Layi guda har bakin rijiya, kusan duk cikin hijabi ruwan ƙasa (nawa, na shagona, har na gane inda ɗinkin ke karkacewa), kuma duk hannun da aka miƙo, yatsu baƙi ƙirin. Na dubi Sha'aibu. Yana ta sakace haƙori.

"Mi ne ne, bawana? Ka ga aljani?"

"Na ga abin da na gani."

Tunda fuska ba za ta taimake ni ba, kuma ba mutunci ba ne namiji ya tsura wa matan mutane ido, sai na koma ga sana'ata. Na riƙa kallon taku. Wannan tana jan ƙafa, wannan tana sauri, waccan tana rangaji. A cikinsu na riƙe wata tsohuwa gajera, mai ɗan dogara wa ƙafar hagu, tana tafe tana jefa kafaɗa ɗaya gaba. Ta jefa ƙuri'arta, aka tsoma mata yatsa, tawadar ta ɓace cikin lalle kamar an zuba ruwa a rijiya. Na ce a raina, ga irinsu nan.

Azahar ta yi, kowa ya fita salla bi da bi. Ni a cikin ajin na yi tawa, da alwalar asuba, a inda akwati ke gabana. (Allah ya karɓa, amma na san rabin sallar nan akwati na yi wa.) Yunwa ta taso, ƙishirwa ta taso, kaina ya fara sarawa. Har lokacin ban kama kowa ba, kuma maimakon hakan ya kwantar mini da hankali, sai ya ƙara tabbatar mini cewa mutanen nan ƙwararru ne.

Gab da la'asar ta shigo.

Gajera. Hijabi ruwan ƙasa. Tana dogara wa ƙafar hagu, kafaɗa ɗaya gaba. Tana sa ƙafa cikin ajin ta ɗago kai, ta gan ni, sai ta yi turus. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta juya mini ƙeya, ta bi ta jikin bango, can nesa da inda nake, kamar mai son ta shige cikin ginin. Ta miƙa katinta daga gefe ba tare da ta ce uffan ba.

Jama'a, ku faɗa mini gaskiya. Mutumin da ya wuni yana jiran ɓarawo, ya ga an gan shi an rufe fuska an bi bango, me zai ce?

Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Kafin mai duba suna ya buɗe baki, na cafke wuyan hannunta. Ni, da hannuna, matar mutane, a gaban jama'a.

"Tsaya nan! Mushe, wannan ta jefa da safe! Da idona na gan ta!"

Mushe Laminu ya miƙe. "Alhaji, sake ta mu duba suna tukuna."

"Wane suna? Sunan wanda ke Legas yana dako? Yatsa za mu duba!"

Na ɗaga hannun sama wajen hasken taga, na bubbuɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda nake buɗe bakin akuya. Baƙi ne kawai. Ta ja, na riƙe. Na lashi babban yatsana, na murza nata da yawu, na duba ko zai yi shuɗi. Bai yi ba. Na kama bakin rigata na goge da ƙarfi. Babu komai. Ajin ya yi tsit, irin shirun da ya kamata ya faɗakar da mai hankali. Ni kuwa na ɗauka shirun girmamawa ne. Sai na tuna tawadar tana da ɗan wari. Na kai hannun tsohuwar nan hancina na shinshina.

Daga bayana na ji Sha'aibu ya ce, a hankali, "Bawana... bawana, sake." Karon farko a rayuwarsa da ya yi mini magana ba da wasa ba, ni kuma na ɗauka tsoro ne ya kama shi don asirinsu ya tonu. Sai na ƙara ɗaga murya, don na waje su ji.

"Haba tsohuwa! Da girmanki? Don hijabi da ƙullin lalle za ki sayar da lahirarki? Ba ki da ɗiya? Ba ki da surukin da zai rufa miki asiri, sai kin zo kina wannan?"

Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen shugaban biro, fuskarta a rufe, ta yi magana da murya ƙasa-ƙasa.

"Mushe, ka ce wa uban Nafisa, suruki guda Allah ya ba ni. Ga shi nan riƙe da hannuna."

Nafisa ita ce ɗiyata ta fari.

Muryar nan na san ta kamar yadda na san tawa. Ita ce muryar da ke amsa mini gaisuwa daga bayan asabari fiye da shekara ashirin. Wanda ba namu ba zai ce, yaya mutum zai kasa gane uwar matarsa? To ai ban taɓa kallon fuskarta ba. In na je gaisuwa, tun daga ƙofar gida nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bakin ɗaki, idona a ƙasa, ita tana ciki. In muka hango juna a hanya, ɗaya ya saki hanyar. Ko sunana ba ta faɗi, ni ma ba na faɗin nata. Na san tarinta, na san daɗin furarta, na san tabarmar ƙofar ɗakinta zare-zare. Fuska kuwa, in da za a jera mini tsofaffin ƙauyen a ce in fitar da Inna, sai dai in ce kowace ta yi sallama. Rufe fuskar da ta yi da bin bango, ba na mai laifi ba ne. Kunyata take ji, kamar yadda ta saba. Ita ta kiyaye al'ada, ni na shinshina mata hannu.

Tsohuwar safe kuwa, daga baya na ji, ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Takun gidansu ne. (Wato idon nawa bai yi ƙarya duka ba, jini ya gano. Na taɓa gwada faɗin haka don in kare kaina, ba wanda ya saya.)

Ban san yadda na saki hannun ba. Na ji dai wata mata a bakin ƙofa ta ce, "La'ilaha illallahu! Mijin Rabi ne!" Maganar ta bi layi kamar wuta a karan gero. Na durƙusa, na ga durƙuson bai isa ba, na miƙe, na ga tsayuwa ta fi muni. Na ce, "Inna, ina wuni," (ina wuni fa, bayan duk wannan!) sannan na fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, na ratsa ta tsakiyar mata, masu salati na yi, masu dariya na toshe baki da hijabina. Ban tsaya ba sai bayan makewayin lakwal, inda na tsuguna na rufe kai da babbar riga.

Daga can ina jin hayaniya. Ƙanin Rabi ya zo da sanda yana tambayar wane ne ya taɓa uwarsa, aka ce masa mijin yayarsa ne, ya rasa inda zai sa sandar. Jami'in tsaron da ke bakin ƙofa ya shiga rabo. Mushe Laminu ya fito yana ba mutane haƙuri, masu taimaka masa suka biyo shi, wakilan sauran jam'iyyu duk suka fito kallo. Ina tsugune ina jin muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya, ina cewa wannan ma ya fito, wannan ma ya fito. Sai wani abu ya faɗo mini a rai, ya fi kunyar nauyi.

Akwati.

Na zagaya ta bayan aji na leƙa ta taga. Ba kowa a ciki sai mutum ɗaya. Sha'aibu na zaune a kujerata, gwiwarsa na taɓa tebur, ya ɗora hannu ɗaya a kan murfin akwatin, ɗayan yana fifita da hularsa. Ya gan ni, ya washe baki.

"Kada ka damu, bawana. Na tsare maka shi."

Igiyoyin roba na nan yadda suke. Amma ramin jefa takarda ba shi da igiya, kuma takardun da ba a yi amfani da su ba suna nan a kan tebur, kusa da gwiwar hannunsa. Tsawon wane lokaci ya yi shi kaɗai? Ban sani ba. Wanda ya rufe kai da riga ba ya duba agogo.

Sai da aka tabbatar mini Inna ta jefa tata ta tafi gida sannan na koma ciki. Na zauna can baya, a bencin yara. Da aka rufe zaɓe aka zazzage akwati, Mushe na ɗaga takarda ɗaya-ɗaya yana faɗa, ana jan layi a allo. Ɓangaren Hajiya Mariya ya cinye biron. Mushe ya ce yawan takardu ya yi daidai da yawan waɗanda suka dangwala, ya tambaya ko akwai mai ƙorafi. Duk ajin ya juyo ya dube ni. Ni da na ƙwanƙwasa gindin akwati da safe, da ina da fuska da na ce a sake ƙirgawa a gabana. Amma tagogi cike suke da dangin matata. Na sa hannu a takardar sakamako ba tare da na ɗago kai ba.

Alhaji Dogo ya shiga majalisa da ƙuri'un wasu wurare, don haka bai riƙe ni da komai ba. Ya dai ce, "Alhaji, an ce ko fitsari ba ka fita ba, amma a bayan makewayi aka same ka." (Rijiyar tana nan tafe, in ji shi.)

A gida kuwa labari ya riga ni isa. Rabi ta ajiye mini tuwo, ta koma gefe har na wanke hannu. Sannan ta ce, "Na ce ka biya ka gaishe ta. Ban ce ka shinshina ta ba." Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfinta, daga baya kuma ta yi kuka, don uwa uwa ce. Ban iya zuwa ban haƙuri da kaina ba. Na tura aminina da limamin unguwarmu da goro da turmin atamfa. Suka dawo suka ce Inna ta ce ba komai, aiki aka sa ni, kuma ta ji daɗi da ɗiyarta ke hannun mutum mai riƙo da ƙarfi.

Wani abu ɗaya ya ci gaba da cina. Rabi ta ce tun kafin ranar zaɓe Inna ke cewa ita ɗan takarar uban Nafisa za ta jefa wa, hijabi kuwa kyauta ce, an ba ta ta karɓa. To bayan abin da ya faru fa? Na lallaɓa Rabi ta tambayo mini. Ta je, ta dawo.

"Ta ce in hwaɗa maka, labulen nan don irinka anka rataya shi."

Har yau ban san wa ta zaɓa ba. Har yau kuma ban san abin da Sha'aibu ya yi ko bai yi ba. Na tambaye shi da wasa, na tambaye shi da rantsuwa, na taɓa tambayarsa ranar Salla bayan ya ci namana ya ƙoshi. Amsarsa ɗaya ce: "Kai da ke da ido, mi ka gani?"

Abin da na koya bai da yawa. Ban daina zargi ba, don wanda ya ga ta inda sukarin siyasa ke bi ba zai daina ba. Na dai gane cewa mai gadi da zarginsa ya fi ƙarfin zamansa, ba sai an saye shi ba, da ƙafarsa zai bar wurin. Da wani zaɓen ya zagayo aka sake nemana, ban ƙi ba. Na ce zan je, zan zauna, zan yi shiru, in na ga abu in ɗaga hannu in gaya wa shugaban biro kamar kowa. Sharaɗi ɗaya na kafa: a kai ni garin da ban yi aure ba.